Ƙyalle Mai Jan Zare Da Na Tsinta A Kayan Gwanjo

Shekarun baya, lokacin da nake sana'ar tura kayan gwanjo gida, wani abu ya taɓa faruwa da ni wanda har yau in na tuna farkonsa sai in yi dariya, in na zo ƙarshensa kuma jikina ya yi sanyi. Ina zaune ne a Sevran, can Turai, da iyalina a lokacin. Aikinmu shi ne mu sayi kayan da Turawa suka gaji da su, firigo ne, katifa ce, kujeru, kwanuka, keken ɗinki, mu tara a wani depo da muka kama haya. In sun cika kontena mu tura ta Kwatano, daga can mota ta haura da su Maraɗi. Mu biyu ne, ni da abokin sana'ata, wani Bakano mai shagon waya a Barbès.

Wata rana abokina da ke Lyon ya kira ni. Tare muka yi makaranta tun a gida, shi ya ci gaba da karatu har ya samu aiki a can, ni na faɗa kasuwa. Ya ce akwai gidan da za a kwashe kayansa baki ɗaya. Wata tsohuwa ce ta rasu, ba ta taɓa aure ba, ba ɗa ba jika. Ɗan ƙanenta ne ke kula da al'amarin, kuma yana so a share gidan kafin wata ya mutu. Na ɗauki mota na tafi.

Gidan yana kan wani tudu ne a saman gari, a wani tsohon bene mai matsattsun matakala, babu asansar, wato na'urar hawa bene. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tsawon ɗakunan, ko mutum ya hau tebur bai taɓo rufi. Abokina ya ce unguwar masaƙa alharini ce a da, an ɗaga rufin ne don injin saƙa ya samu wurin tsayawa. Ya so ya ja ni da labari, ni kuwa a ranar ba tarihi ne a gabana ba, bayana ne ke ciwo. Akwai wata armuwar, wato babban kabad na katako, da sai da muka kwance ta gunduwa-gunduwa kafin ta sauka. A cikinta zannuwan gado ne farare, masu kauri da nauyi, an jera su an ɗaure da ƙyalle, da ka gani ka san ba a taɓa kwanciya a kansu ba. Kowanne da haruffa biyu na jan zare a kusurwarsa. Na ce a raina waɗannan ba za su kwana a kasuwar Maraɗi ba, na zuba su a buhu.

Sai da muka dawo depo muna shirya kontena wani ɗan ƙunshi ya faɗo daga tsakanin zannuwan. Na buɗe takardar da aka naɗe shi da ita. Ƙyalle ne da bai fi faɗin faifai ba, ya yi ja-ja saboda tsufa, an cika shi da ɗinkin jan zare. A, be, se har ƙarshe, sahu bayan sahu, manya da ƙanana, an maimaita su da salo daban-daban. Ƙarƙashinsu lambobi daga ɗaya zuwa sifiri. Sai tsuntsu, da mabuɗi, da wani abu kamar hular sarauta. Can ƙasa kuma sunan mace, da sunan wani wuri da ban taɓa ji ba, da shekarar da ta nuna abin ya haura shekara ɗari.

Abokin sana'ata ya leƙo, ya ja da baya.

"Malam, ajiye abin nan. Hatimi ne."

Na ce ai baƙaƙen boko ne, yaro ɗan aji ɗaya ma ya san su. Ya ce to hatimin malamanmu da me ake yin sa, in ba haruffa a jere da lambobi ba? Ya ce in duba da kyau: jan zare, mabuɗi, ga shi an ɓoye cikin shimfiɗar mamaciya, kuma matar da ba ta taɓa aure ba. Na yi masa dariya, na ce Kano ba ta sake shi ba. Amma gaskiyar magana, da na tashi tafiya ban shiga da shi gida ba. Na cusa shi a akwatin gaban mota na rufe.

A satin nan motar ta mace mini a tsakiyar babbar hanya, ana ruwa. Bayan kwana biyu aka ce takardun kontena sun samu matsala. Abokin sana'ata kallona kawai yake yi yana kaɗa kai, wanda ya fi magana ciwo. Na yi suɓul da baka na gaya wa mahaifiyata a waya, ita kuwa ba ta tsaya jin ƙarshe ba. Ta ce mi nake yi da abin ga, in ƙone shi, in kuma ina tsoron hayaƙinsa in jefa shi gulbi, kuma kada ya kusanci jikokinta. Na ce to.

Ban ƙone ba. Abin da ya hana ni kuwa ba jarumta ba ce, wani ɗan ƙaramin abu ne da ya tsaya mini a rai. Duk lokacin da na tsaya a danja sai in zaro ƙyallen in sake bin haruffan, kuma a kowane sahu harafi ɗaya ne babu: W. Daga V sai X. In mantuwa ce, ai ba za a manta a kowane sahu ba. Wanda ya yi aikin nan bai karkace ko sau ɗaya ba, to me ya sa ya tsallake wannan da gangan? Na shiga tsakanin tsoro da son sani, kuma son sani ya fi ƙarfi.

Matata ce ta raba gardama. Wata Lahadi za mu ziyara, ta buɗe akwatin motar tana neman cajar waya, sai ga ƙunshi. Da na ga ta buɗe na ce ta yi bismilla tukuna. Ta dubi ƙyallen, ta dube ni, ta tambaye ni ko wannan ne abin da Inna ta kira ta a kansa har sau biyu. Daga nan ta yi ta dariya har sai da yara suka fara tambayar lafiya. Ita aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, can wajen Belleville, ta ce rabin gidajen da take shiga akwai irinsa a bango cikin gilashi. Ta ce allon 'yan mata ne. Yadda yaronmu ke fara da allo, haka yarinyarsu ta da ke fara da wannan, ta koyi haruffa da allura don ta iya sa alama a kayan gida. Ta juya bayansa ta nuna mini, babu ƙulli, babu zaren da ya yi lilo, bayan kamar gaban. Ta ce, "Yarinyar nan ta sha faɗa kafin hannunta ya kai haka." Sai a lokacin na lura da abin da ke gefen sunan, an ɗinka cewa shekarunta goma sha biyu. Sa'ar 'yata ta fari.

Wato ni da gemuna na yi sati biyu ina tsoron aikin hannun 'yar shekara sha biyu. Na gaya wa abokin sana'ata, ya ce shi dai har yanzu motar ba ta yi masa bayani ba.

Tsoro ya tafi, tambaya ta ƙaru. Wace ce ita? Haruffan farko na sunanta su ne a kusurwar zannuwan nan, waɗanda a lokacin suna kan teku. Lissafin shekaru ya nuna ba mamaciyar ba ce, sai dai uwarta. Na kira abokina na Lyon na karanta masa sunan wurin, ya bincika ya ce wani ƙauye ne cikin duwatsu, kudu da Lyon. Ya ce a unguwar da muka kwashe kaya akwai ƙungiyar masu tattara tarihin unguwa, tsofaffi ne 'yan fansho, suna haɗuwa a wani ɗaki kusa da kasuwa. Da aiki ya sake kai ni Lyon cikin bazara, na sa ƙyallen a jaka.

Ni da abokina mun same su kewaye da tebur, ga tsofaffin hotuna, ga shayi. Da farko kallon da suka yi mana na waɗanda suka ɓata hanya ne. Amma da na shimfiɗa ƙyallen, wata dattijuwa mai gajeren farin gashi ta je ta wanke hannu kafin ta taɓa shi, ni da na bar shi kusa da man birki. Ita ta yi mini bayanin komai, ina tambaya tana amsawa, ba ta gajiya. Ta ce jan zaren nan an zaɓe shi ne don ba ya zuba ko an tafasa kaya. A da mata kan kai wanki bakin kogi, cikin wasu jiragen ruwa da aka ɗaure aka mai da su wurin wanki, kayan gida goma su cakuɗe, in babu alama ba ka gane naka. Yarinyar da ta iya sa alama mai kyau tana samun aiki a gidan masu hali, don haka ƙyallen nan shi ne takardar shaidarta.

Na ce to W fa? Ta yi murmushi ta ce ni ne baƙo na farko da ya taɓa yi mata wannan tambaya. A zamanin, in ji ta, ba a ɗaukar sa cikakken harafin Faransanci, na kalmomin baƙi ne, da wuya a samu suna mai farawa da shi, don haka malamai da yawa ba sa ɓata zare a kansa. Na ce mata mu kam in aka cire mana shi ko wayyo ba mu iya cewa, balle wallahi. Abokina ya fassara musu, aka yi dariya, daga nan aka zuba mana shayi.

Ita ce kuma ta tsaya a kan sunan. Ta ce ta san gidan, ta san mamaciyar, kuma ƙanenta yana raye, yana wani gidan kula da tsofaffi a gangaren tudun, ya kusa casa'in amma hankalinsa garau. Ta ce zai ji daɗi ƙwarai ya ga aikin mahaifiyarsa. Ba wanda ya yi tunanin komai a cikinmu, muka bi ta.

Mun same shi a kujera kusa da taga, siririn dattijo mai manyan hannaye. Ta gabatar da ni, na miƙa masa ƙyallen. Ya daɗe yana riƙe da shi, bai sa tabarau ba, da yatsa yake bin haruffan. Ya ce rabonsa da shi tun yana yaro, ya zaci ya ɓace. Sai labari ya ɓalle. Ya ce iyayen mahaifiyarsa manoma ne, ƙasar dutse ce ba ta ciyar da kowa, aka kai ta wata masaƙa da matan coci ke riƙe da 'yan mata a ciki, can suke kwana can suke aiki, hannunsu cikin ruwan zafi suna warware zaren alharini tun asuba. Ranar Lahadi ake koya musu ɗinki. Da wannan ƙyallen ta sauko birni ta samu aikatau, a nan ta haɗu da mahaifinsa, masaƙi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ya ce lokacin da ta ɗinka haruffan nan ba ta iya haɗa su ta karanta ba. Siffarsu ta sani, kamar yadda ake sanin zanen fure. Sai da shi ya shiga makaranta take zama gefensa da yamma, yana koyo tana koyo, tana cewa duba masa aiki take yi.

Ina cikin jin daɗin labari ya ɗago ya tambaye ni a ina na samo shi. Ko ɗansa ne ya ba ni in kawo masa?

Na dubi dattijuwar, na ga fuskarta ta canza. Nan take na gane. Tsohon ya ci gaba da cewa ƙyallen yana cikin armuwar ɗin mahaifiyarsa ne ko, ai ya gaya wa ɗansa kada a taɓa komai, da ƙafarsa ta yi sauƙi zai koma gidan ya zauna. Abokina ya taka mini ƙafa. Da Hausa ya ce mini a hankali in ce e kawai mu tafi. Wallahi na so in ce e ɗin. Amma mutumin nan idonsa na cikin nawa, kuma yanzun nan ya gama ba ni amanar mahaifiyarsa. Na ce masa ni ɗan kasuwa ne, ni na sayi kayan gidan, ni na sauko da armuwar da hannuna, kuma ban san bai sani ba.

Bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Ya juya yana kallon taga. Na yi da-na-sanin bin diddigin W. Ina shirin miƙewa ya ce, ba tare da ya juyo ba, zannuwan fa?

Na ce suna hanyar ƙasarmu, wataƙila ma sun isa.

Ya tambayi abin da za a yi da su a can. Na ce sayarwa za a yi, mata su shimfiɗa a gado, wasu a kai su ɗakin amarya, in sun tsufa a yanka a yi wa jarirai. Sai ya juyo.

"Kwana za a yi a kansu? Da gaske?"

Na ce da gaske, a wurinmu ba a ajiye zane yana kallon mutum.

Ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa mantawa ba. Ya ce mahaifiyarsa ta ɗinka su don ranar aurenta, da ranar ta zo ta ce sun yi kyau da yawa, a ajiye wa 'yarta. 'Yar ba ta yi aure ba, ita ma ta ajiye, duk shekara a fito da su a kakkaɓe a mayar. Su kuwa a kan masu faci suka girma. Ya ce, "Shekara nawa suna jiran mai kwanciya. To su je, Allah ya ba su masu barci." Ya ce armuwar ma a sa mata kaya. Gidan ne dai bai ce komai a kansa ba, ni ma ban ƙara ba. Na bar masa ƙyallen a cinya muka fito.

Abin bai wuce haka kawai ba. Da yamma ɗan ya kira abokina ya wanke shi tas, ya ce wa ya aike mu, ya ce likita ne ya ce mahaifinsa ba zai sake hawa benen nan ba, shi kuma ya rasa bakin da zai gaya masa. Na karɓi wayar na ba shi haƙuri, don ni ma na ga uzurinsa. Wani mutum da tun farko ya haɗa abokina da cinikin ya daina kiran mu, kusan shekara ban sake samun kaya daga Lyon ba, abokin sana'ata kuwa ya samu abin faɗa: ai ya ce hatimi ne. Sai can daga baya dattijuwar ta kira ni ta ce tsohon ya rasu. Ta ce bayan zuwanmu sun yi rigima da ɗansa, suka shirya, har ɗan ya samu masu ƙarfi suka ɗauke shi a kujera suka hau da shi ya ga gidan wayam, ya yi sallama da shi. Ƙyallen kuma ya yi wasiyya a ba ƙungiyar, yana rataye a ɗakinsu.

Abin da ya dame ni bayan wannan wani ne daban, ban kuma tsammace shi ba. Ina zaune wata rana sai na ga na san sunan yarinyar nan, na san ƙauyensu, na san aikin da ta yi da wanda ta aura, alhali ba abin da ya haɗa mu. Na tambayi kaina sunan kakata, wadda ta haifi mahaifina, wadda ta goya ni har na yi wayo. Ban sani ba. Kaka muke ce mata, manya kuma su kira ta da laƙabi. Ta rasu ina saurayi, ban taɓa tambaya ba.

Na kira mahaifiyata. Ta ce a'uzubillahi, ita ce za ta kama sunan surukarta da bakinta? Ta ce zaman Turai ya fara taɓa ni. Na yi ta lallashi, ta ce in kira gwaggona. Gwaggon ma sai da ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce mai sunan wance ce, na ce ban san wancen ba. Daga ƙarshe ta rage murya ta faɗa, sau ɗaya. Kuma da bakinta ya buɗe sai ta kasa rufewa. Ta ce ai tsohuwar gwanar kaɗi ce, zarenta har daga wasu garuruwa masaƙa ke aiko a saya, da shi ta ciyar da su shekarar da aka yi fari, mahaifina yana goye. Na ce akwai wani abu nata da ya rage, ko mazari ne, ko guntun zane? Ta ce babu, duk an sa an cinye.

Ban ga laifin kunyarmu ba, ita ta tarbiyyantar da mu. Amma na gane tana iya binne mutum sau biyu in ba a samu mai tambaya ba. Yanzu in na je gida nakan zauna da tsofaffin matan danginmu in yi ta tambaya har su kore ni, yarana kuma na gaya musu abin da na samo. Kakata dai ba ta bar mana ƙyalle ba. Amma tun daga ranar nan, in na idar da salla ina yi mata addu'a, da sunanta nake yi.